Hayaƙin Motar Malam Barau

Shekara goma sha biyu ke nan da aka hana mota yin hayaƙi a Funtuwa. Kowace salansa an toshe ta da wani farin akwati mai hatimin hukuma, motoci suna wucewa shiru kamar inuwar gajimare.

Da hantsi Tabawa ta kira Ilu bakanike ƙofar gida, inda tsohuwar a-kori-kurar mijinta ta daɗe a ajiye. Shekara arba'in Malam Barau ya yi yana dakon tumatir da ita, amma tun bara ya daina gane kowa, har da Tabawa.

"Cire min akwatin nan, Ilu."

"Inna, kin san turakun da hukuma ta kafa a bakin titi suna shinshina iska. Kafin azahar za a zo a tafi da motar."

"Na sani. Cire."

Ilu ya shige ƙarƙashi, ya karya hatimin, ya tayar da inji. Baƙin hayaƙi mai warin gas ya taso a hankali, ya ratsa ganyen darbejiya, ya shiga zaure inda Malam ke zaune. Can bakin titi, turke ɗaya ya koma ja.

Malam Barau ya ɗaga kai, ya ja dogon numfashi. Idanunsa suka sauka a kan matarsa, suka tsaya.

"Tabawa, wa ya tayar da mota? Miƙo min hulata, kar in makara kasuwar Danja."

Ta kawo masa hular da hannu biyu, ta zauna kusa da shi.

"Da sauran lokaci, Malam," ta ce.