Kwalbar da Ke Ƙarƙashin Randa

Ƙamshin jiƙaƙƙen yashi nake fara tunawa. A ƙarƙashin randa Innata take binne kwalbar allurar ciwon sugana, don kada zafi ya lalata ta.

Ran nan da la'asar kogi ya shanye hanyar Haɗeja, maganin kuma ya kusa ƙarewa. Ina jiyo ihun yara suna kamun kifi a bayan gida, ni an hana ni fita. Inna ta tono kwalbar, ta ɗaga ta a rana, ta daɗe tana kallon ɗan abin da ya rage.

"Ko zama ba ki fara ba zazzaɓi ya kwantar da ni, nonona ya ƙafe," in ji ta. "Kakarki ta riƙa ba ki madarar shanu. Ko madarar ce ta jawo miki wannan ciwon?"

Ni fa take tambaya, 'yar shekara tara.

Har ta rasu likitoci ba su tabbatar mata ba: ko madarar ce, ko wata cuta ta jarirai, ko gado. Yau ni ma nonona ya fara ƙafewa. Jaririyata tana kuka, ga kofin madara a hannuna. Na kasa ba ta, na kasa ajiyewa.