Ta Wuyan Hannu

Sau huɗu nas Liyatu tana kai takardar amincewa gadon Goggo Asta, sau huɗu tsohuwar tana tura hannu cikin zani.

Hoton farko ya nuna jini ya ɗiga cikin kanta. Wata jijiya ce ta kumbura, in ta sake fashewa sai dai gawa. Maganin shi ne a zura siririn bututu ta matsematsi, ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa, a tura ruwan da ke fito da jijiyoyi a hoto, a ga kumburin a toshe shi. Mutum ɗaya ne a asibitin nan na Yola ya iya aikin, Dakta Zubair, wanda ya zo aikin mako guda daga Abuja. Jirginsa gobe ne.

"Wancan ba zai ɗaga mini zani ba," in ji Goggo.

Liyatu ta rasa inda za ta sa kanta. Ba wai don namiji ne ba, jiya ma wani likita namiji ya duba ta, har da hira. Matar da ta taka daga Mubi da ƙafa shekarar da aka yi gudun hijira, yau ita ce ke toshe fuska da mayafi da zarar ta ji takun Dakta Zubair.

Shi ma ya ba Liyatu haushi. Likitan da ke daka wa kowa tsawa, a nan sai ya tsuguna daga bakin ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, ita kuma tana amsawa fuskarta na kallon bango. Ya fita, ya dawo, ya duba agogo, ya sake fita. Shayinsa ya huce a kan tebur.

Wajen azahar ya kira Liyatu. "Ki ce mata ta wuyan hannu zan shiga. Ba zan taɓa zanin ba."

Sai Goggo ta miƙo babban yatsa aka dangwala a takardar.

Awa biyu aka yi. A allon hoton, jijiyoyin suka fito baƙi-baƙi kamar saiwar gero, ga kumburin can gefe. Zufa ta jiƙa hularsa har ya gama cusa siririyar waya ya toshe kumburin. Da ya zare bututun, sai ya hana a ɗaura abin matse jini, ya danne wurin da yatsunsa.

Da Goggo ta farfaɗo, yana nan riƙe da hannun. Ta kau da kai.

Liyatu ta kasa haƙuri. "Haba Goggo, mutum ya ceci ranki, ko sannu?"

"Bar shi, ya samu abin da yake so," in ji tsohuwar, hawaye na gangarowa kunnenta. "Rabon da in bari ya riƙe mini hannu tun ranar da na yaye shi, ɗan fari ne."