Rigar Motar Malam Jatau

A zamanin da motoci suka koma sa riga kamar mutane, doka ta hana fita da mota tsirara. Rigar motar Malam Jatau sabuwa ce, shuɗiya, har guga yake yi mata.

Wata safiya maƙwabcinsa Ɗan'azumi ya yi sallama. "Malam, a ara mini rigar motarka, tawa ta yage. Gaisuwar surukai za mu."

"Ai ana wankinta," in ji Malam Jatau. Da ya koma ciki sai ya tuɓe ta ya tsoma a baho, don kada ƙaryarsa ta tonu.

Da azahar naƙuda ta kama 'yarsa Hassatu. Ga mota tsirara, ga riga sharkaf. Ɗan'azumi, wanda ya fasa tafiyar, ya shigo a guje da tasa rigar motar, ya ɗinke ta da zaren buhu. Tare suka sa wa motar, aka shigar da Hassatu.

Ɗan'azumi ya dubi bahon, ruwa garau, babu kumfa.

"Malam, ka manta sabulu," ya ce a hankali.

Malam Jatau ya sunkuya yana ɗaure igiyar rigar da ya riga ya ɗaure.