Marinin da Kuɗin Haya Ya Raba da Raminsa

Kana ta ƙorafi wai kasuwa ta farfaɗo amma ma'aikata sun ƙi tsayawa, to gyara zama in ba ka misalin wani marini. A wani birni aka yi shi, dattijo mai shekara hamsin da ɗoriya, hannayensa sun rine har gwiwar hannu, don tun yana ƙarami yake tsoma su a ramin baba. Ba shi da marinar kansa, a ta wani attajiri yake aiki, amma ramukanta shida shi suka sani. Ɗakinsa na haya yana bayan marinar, taku kaɗan ne. Da an idar da sallar asuba sai ya buɗe ramukan, ya ɗauki muciya ya motsa kowanne tun rana ba ta taɓa shi ba, ya dubi kumfa, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Da haka yake gane wanda ke son toka da wanda ke son a bar shi ya huta. Baba abu ne mai rai, in ka yi masa sakaci na 'yan kwanaki sai ya yi fushi, in ya yi fushi kuwa ba ya jin lallashi.

Sai aka shiga shekarun matsi. Fatake suka ɗauke ƙafa, mai kawo yadi turmi goma ya koma kawo ɗaya. Attajirin ya rage ladan ma'aikata da rabi, ya ce in Allah ya kawo sauƙi za a mayar. Marinin bai yi gardama ba, ai shi ma yana da ido. Tsawon shekara uku sau ɗaya a rana ake ɗora tukunya a gidansa, amma bai bar rami ko ɗaya ya mutu ba. Sauƙin ya zo kuwa, sai dai ka san halin sauƙi a birni, ƙofar masu gidajen haya yake fara ƙwanƙwasawa. Mai gidan da marinin ya shekara ashirin a ciki ya ga shaguna sun fi iyali riba, ya ba su wata biyu su kwashe. Marinin ya zaga unguwar kaf, duk ɗakin da ya taya sai a faɗi kuɗin da ya fi ƙarfinsa, ladansa kuwa yana nan inda matsi ya bar shi. Ya kwashi matarsa da 'ya'ya huɗu ya koma can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Mota biyu yake shiga kafin ya iso aiki, ranar da aljihu bai kai ba ya taka rabin hanyar da ƙafa. Mutumin da ramuka suka saba gani da asuba ya koma isowa da hantsi, a gajiye, ko koko bai sha ba.

Sau ɗaya ya cire kunya ya je gaban attajirin. Ya ce, “Alhaji, ba ƙari nake roƙo ba, abin da aka rage nake so a mayar. In ya yi nauyi, a ba ni ɗakin ajiyar nan na bakin marina in riƙa kwana kusa da ramukan.” Attajirin ya ce, “Haƙuri dai, Malam, kasuwa ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba. Ɗakin kuma kaya na zuwa.” Kayan suka zo, farin yadi dila-dila da fatake suka kawo a rina musu kafin Sallah, aikin da marinar ta shekara uku tana jira. Yadi ya samu ɗaki mai rufi da kwaɗo, mai rina shi bai samu ba. Wannan ya ci masa rai fiye da yunwar da ya sha.

A tsakiyar damina ruwa ya cinye hanyar unguwarsu, kwana huɗu ba mota. Ran na biyar ya naɗe wando ya ratsa taɓo ya iso. Sauran ma'aikatan duk irin nisan nan suke fama da shi, ba wanda ya leƙo ya rufe ko ya motsa. Ruwan sama ya cika ramukan, kumfa ta kwanta, warin ma ya sake. Ya tsoma ƙyalle a tsohon ramin da ubansa ya koya masa rini a bakinsa, ƙyallen ya fito fari-fari kamar an wanke shi da toka. Ya zauna a bakin ramin ya yi kukan da bai yi ba duk tsawon matsin. Sabon rami sai ya yi makonni kafin ya nuna, Sallah kuwa ba ta jiran kowa, fatake suka kwashe yadinsu suka nufi wani gari. Shi ma bai ƙara wata ba ya mayar da iyalinsa ƙauye, ya kama fartanya.

Bayan shekara attajirin ya aika a nemo shi, da alkawarin cikakken lada da ɗakin nan da ya zama fanko. Ɗan aiken ya iske wani tsoho a gona yana noma, ya dubi hannayensa bai ga shuɗi ba, sai ya tambaye shi ko ya san wani marini a garin nan. Tsohon ma ya dubi hannayen nasa, shuɗin ya koɗe har a farce. Ya ce, “Na san shi dā,” ya duƙa ya ci gaba da nomansa. Ramukan nan shida yanzu shara ake zubawa a ciki. To ka ji, kafin ka zargi ma'aikatanka, tambaye su inda suke kwana da abin da suka karya da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.