Gejin Mai Faci da Taya Mai Zafi

Kai da kake cewa lamba ba ta ƙarya, gaskiyarka, amma sai ka san abin da take ƙirgawa. An yi wani mai faci a bakin titin Zariya, ya shekara ashirin yana gane taya da tafin hannu, sai ya sayi sabon geji na auna iska. Daga ranar nan ko gaisuwa sai ya ga dama. Wata rana da azahar, kwalta na tururi, amininsa direba ya tsaya shan ruwa, motarsa shaƙe da tumatirin mutanen garinsu, za shi Kudu. Mai faci, don a ga sabon kaya, ya kafa geji a tayar gaba, allura ta wuce inda aka saba. Ya ce, "Iska ta yi yawa, bari in rage maka." Direba ya ce, "Yadda ka gani, Malam." Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace iskar har allura ta dawo daidai, yana jin kansa gwani.

Abin da bai sani ba, geji ba yawan iska yake aunawa ba, ƙarfin da take tokarar taya yake aunawa. Iskar da aka kulle kuwa, in ta ɗauki zafi sai ta ƙara tokara, alhali ba a ƙara mata komai ba, in ta huce ta koma yadda take. Tayoyin nan ƙalau suke, zafin hanya ne kawai a jikinsu. Direba ya kwana a gaba, tayoyi suka huce suka yi laushi, washegari ga nauyi ga gudu. Tayar gaba ta fashe a gangara, mota ta kwanta. Tumatir ya zama na awaki, direba ya tsira da rai, amma hannunsa na dama bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Babu wanda ya zargi mai faci, kowa ya ce ƙaddara ce. Sai da wani tsohon bakanike ya ji labarin daga bakinsa, ya tambaye shi, "Da zafinta ka auna?" Da bakaniken ya yi masa bayani, nan mai faci ya gane shi ne sanadin hatsarin. Abin da ya fi cin ransa, har yau direban kan zo rumfarsa ya zauna, yana gaya wa mutane duk titin nan babu mai kula da taya kamar amininsa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.