Gidan da Bai Tsufa Ba

Shin ƙarya ce mutum ya yi wa gaskiya kwalliya don a yarda da ita?

A unguwar bakin teku ta Quanzhou, kowa ya sake gina gidansa yana shafa masa baƙin tukunya, don baƙi su ɗauka na da ne.

"Kawu Cai, ga bokiti," in ji maƙwabciyarsa Huang.

"Kakan kakana ya gina nawa. Ba na ƙarya."

"To, sannu mai gaskiya."

Jami'in adana tarihi ya zo ya yaba gidajen maƙwabta. Ya dubi na Cai, tsoho amma fes da shi.

"Wannan sabon ya ɓata layin. Gobe a rushe shi."

Cai ya naɗe hannun riga.

"Huang, miƙo bokitin nan."