Damin Godiya

Jimrau ya ɗaure damin hatsin a bayan jaki. Juma'a ce, rana tsaka, mutanen ƙauye duk suna masallaci. Ya tsufa bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, sai yau da furfura ta gama cin kansa.

Tarin dammunan yana bakin gonar Agali, maƙwabcinsa na gona. Tari biyu ne, babba da ƙarami, ya zare daga ƙaramin. Tasa gonar tana bayan tudu, ƙetaren layin gamba. Bai hau tudun ba. Me zai gani, ban da ƙarangiya da kunyarsa?

Bana bai yi shuka ba. Damina biyu a jere hatsi ya ƙone a tsaye, sai ya ce ya gama zuba iri a ƙasar da Allah ya juya wa baya. Matarsa Zara ta ce a yi binne, a sa iri a busasshiyar ƙasa a bar wa Mai ruwa. Ya daka mata tsawa, ya hana. A bazarar nan takan fita da sassafe ta ce itace za ta nema, ta dawo da ɗan abin da bai isa dafa koko ba, tana haki. Kafin hadarin farko zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Da aka share makoki ya buɗe tukunyar iri, ya tarar da ita wayam. Ya ce har ɓeraye sun san gidan da ya mutu. Ya rufe ɗaki, ya koma Dakoro wurin ɗiyarsa. Agali ya yi ta aiko masa cewa ya zo su gana, shi kuwa ya toshe kunne, don ya san tambayar ba ta wuce ta gonar da ya bari.

Majami'a kam, da yake Kirista ne, bai daina zuwa ba. Dattijo ne, kujerarsa na gaba. Bakinsa na waƙa, zuciyarsa na rufe. To ga ranar godiyar girbi ta zo, ranar da kowane gida ke kawo damin farko gaban bagadi. Tun da aka kafa majami'ar, damin Jimrau ne ke fara shiga. Ya kasa haƙura a gan shi hannu wofi.

Ranar Lahadi ya ajiye damin a gaba. Zangarniyoyin dogaye, cike har baki, masu jan gashi, irin waɗanda Zara ke zaɓa ta keɓe don iri. Ya kawar da kai. Mai laifi ko'ina ya duba fuskar mamaci yake gani.

Fasto ya ɗaga zangarniya ɗaya ya nuna wa jama'a.

"Ku dubi hatsin Baba Jimrau! Ya binne matarsa da bazara, bai fasa dogara ga Ubangiji ba. Wanda ya ba da rani shi ke ba da damina."

Mata suka yi guɗa. A ce mutum ya saci hatsi abu ɗaya ne, a ce ya kai wa Allah kayan sata ana yaba masa wani abu ne daban. Jimrau ya tashi, ya je ya rungumi damin.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Ban shuka ba. Satowa na yi."

Ɗiyarsa ta rufe fuska da gyale. Ya fita da damin ta tsakiyar mutane, ya aza wa jaki. A hanya, karo na farko tun rasuwar Zara, ya yi addu'a da zuciyarsa. Bai roƙi ruwa ba, bai roƙi rufin asiri ba. Gafara kawai.

Ya iske Agali a gindin aduwa yana gyaran igiya. Ya sauke damin, ya durƙusa, ya faɗi komai.

Agali ya gyara rawaninsa.

"Daga wane tari ka ɗauka, maƙwabci?"

"Ƙaramin."

"Kai dai taurin kanka ya fi na jakin nan. Aike nawa na yi maka? Da ka hau tudu da ka ga karan gonarka. Mu noma da girbi kawai muka yi. Ƙaramin tarin naka ne, Zara ce ta binne irinsa kafin ta kwanta."